Kafin Aska Ta Taɓa Fatar Ido

Likitan da ya san aikinsa da alƙalami yake fara tiyatar fatar ido, wadda za a yi wa aikin kuma tana zaune daram a kujera, ba ta kwanta ba, ba a kuma yi mata allurar kashe zafi ba tukuna. Dalili kuwa, da zarar mutum ya kwanta gira takan ja baya ta nufi goshi, kitsen da ya turo waje ya koma cikin kwarmi, fuskar ta yi wa likita ƙarya. Ita kuma allura kumbura fata take yi, duk awon da aka yi bayanta ya tashi a banza. Sai ka ji ya ce, “Hajiya, rufe idon a hankali kamar mai jin barci, kada ki matse.” Ya ɗauko ɗan ma'auni mai baki biyu, ya auna daga tushen gashin ido zuwa sama, ya ɗiga ɗigo uku, ya haɗe su da siririn layi mai bin ninkin da fatar ke yi in an buɗe ido. A cikin wannan ninkin tabon zai ɓuya. Daga nan ya sa ɗan hantsaki marar haƙora ya mintsino fatar da ta yi yawa, yana ƙara kamu kaɗan-kaɗan, hankalinsa duk a kan gashin ido. Da ya ga gashin ya fara ɗagawa sai ya tsaya, ya ma ɗan sassauta. Nan ne iyaka.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai kimar ido kaɗai ba ta wadatarwa, sai an sake ɗauko ma'auni. Tsakanin ƙasan gira da gashin ido, dole a bar fata kimanin milimita 20. In aka rage ta ƙasa da haka, idon ba zai ƙara rufuwa ruf ba. Mutum zai riƙa barci ido a ɗan buɗe, iska ta busar da gilashin da ke kan baƙin ido, ya wayi gari kamar an watsa masa rairayi, a hankali wurin ya zama gyambo. Tela in ya yanke yadi fiye da kima yakan koma kasuwa ya ƙaro. Likita in ya yi haka sai dai ya yanko fata daga bayan kunne ya yi faci, facin kuwa da wuya ya saje da launi da laushin ta asali. Shi ya sa manyan masu wannan aiki ba su cika yin taƙama da abin da suka cire ba. Abin da suka bari shi suke lissafi.

Duk jikin ɗan Adam babu fatar da ta kai ta ido siranta, kaurinta bai cika milimita 1 ba. A ƙarƙashinta akwai tsokar da ta zagaye ido mai rufe shi, sai wani siririn labule da ya tare kitsen kwarmi kada ya fito, sai kitsen kansa, sai tsokar da ke ɗaga murfin ido, wadda ta taso tun daga can ƙuryar kwarmi ta zo ta baje ta manne a jikin wani ɗan faifai mai tauri da ke ba murfin siffarsa. A cikin faifan akwai jerin ƙananan ramukan da ke fitar da maiƙon da ke hana hawaye bushewa da wuri. Duk wannan a cikin kaurin da bai wuce 'yan milimitoci ba, a kan wata gaɓa da ke ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti guda, tun daga farkawa har barci. Wanda zai shiga nan da aska ya fita, murfin ya ci gaba da aikinsa kamar ba a taɓa shi ba, ya cancanci a kira shi gwani.

Masu neman aikin kuma ba kaɗan ba ne. A ƙididdigar da ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, ISAPS, ta yi ta shekarar 2024, gyaran fatar ido ne ya zo na ɗaya cikin tiyatocin kwalliya, ya ture zuƙe kitse wanda ke kan gaba kafin nan. Yawancin masu zuwa da magana ɗaya suke zuwa: kowa sai ya ce mini na gaji, alhali na yi barcina lafiya lau. Amma wannan magana guda tana iya fitowa daga cututtuka ko sauye-sauye dabam-dabam, kuma a rarrabe su ɗin nan ne ake fara gane likita da mai riƙe da aska kawai.

Wani fatarsa ce ta saki da shekaru, ta zubo ta kwanta a kan gashin ido. Wannan shi ne wanda rage fata zai yi wa amfani. Wani kuwa fatar ba ta yi yawa ba, girarsa ce ta sauko ta danno ta. Likita yakan gane haka ta ɗora babban yatsa a kan girar ya ɗaga ta zuwa mazauninta na da. In nauyin ya ɓace nan take, to matsalar a goshi take. Irin wannan mutumin, bai sani ba, ya daɗe yana ɗage gira da tsokar goshi domin ya gani sosai, har goshin ya yi layi-layi. In aka yanke masa fatar ido, ƙwaƙwalwa sai ta ga babu sauran dalilin wahala, ta saki goshin, gira ta ƙara faɗowa, ya koma kamar ba a yi komai ba, ga shi kuma girar ta matso kusa da gashin ido ya zama kamar mai fushi kullum.

Na uku shi ne wanda tsokar ɗaga murfin ce ta saki ko ta zame daga inda ta manne, bakin murfin da kansa ya sauko ya rufe wani ɓangare na baƙin ido. A nan likita yakan haska 'yar fitila daga gaba, ya auna daga ɗigon hasken da ke ƙyalli a tsakiyar ido zuwa bakin murfin sama. Lafiyayyen ido yakan ba da milimita 4 zuwa 5. In ya ga 2 ko ƙasa da haka, ya san ko fata nawa ya cire idon zai ci gaba da zama a lumshe, sai an shiga an ɗaure tsokar. Akwai kuma wani tarko a nan da ke burge ni ƙwarai yadda ake kauce masa. Ƙwaƙwalwa umarni ɗaya take aika wa tsokokin ɗaga murfi na idanu biyun, ba ta ware na dama da na hagu. Ana jingina wannan ƙa'ida ga Ewald Hering, wani masani Bajamushe na ƙarni na 19. Idan ido ɗaya ya faɗi, ƙwaƙwalwa takan ƙara ƙarfin umarni domin ta ɗaga shi, ɗayan idon kuma ya ci moriyar wannan ƙarin, ya buɗe tangaram ko da shi ma yana da rauni a ɓoye. Ranar da aka gyara wanda ya faɗi, umarnin ya ragu, sai lafiyayyen ya faɗo. Saboda haka gwani, tun a ɗakin duba marasa lafiya, yakan ɗaga murfin da ya faɗi da yatsa ya riƙe na ɗan lokaci, yana kallon ɗayan. In ya ga ya fara sauka, sai ya gaya wa mai shi tun yau cewa aikin na ido biyu ne.

Wani lokaci ma maganar ba ta aska ba ce sam. Ciwon maƙoƙo iri mai sa idanu su firfito yana kumbura murfi ya ja shi sama, kuma taɓa irin wannan idon kafin ciwon ya lafa ganganci ne. Akwai ciwon raunin tsoka da alamarsa ta farko kan zama murfin ido mai faɗuwa da yamma ya miƙe da safe, wani lokaci har da ganin abu biyu-biyu. Kumburin ƙasan ido da ke yawa da asuba ya saɓe da hantsi yana iya zama saƙo daga ƙoda. Murfin da ya faɗi farat ɗaya tare da ciwon kai ko karkacewar ido, wannan na gaggawa ne, ba na kwalliya ba. Likitan da bai tambaye ka komai a kan waɗannan ba, ya wuce kai tsaye zuwa farashi da rana, ya riga ya nuna maka iyakar saninsa.

Sai hawaye. Tiyatar fatar ido, ko da ta yi kyau, takan raunana ƙiftawa na 'yan makonni, ido ya bushe. Wanda dama idonsa ke bushewa, abin zai iya zame masa azaba ta watanni. Ana gwada wannan da 'yar siririyar takarda da ake maƙalawa a murfin ƙasa na minti 5 a ga iya inda hawaye suka jiƙa, ana kuma ɗiga wani rini a duba fuskar idon da fitila mai shuɗin haske. Wanda aka yi wa aikin gyaran gani da leza, akan ce ya dakata aƙalla wata 6. Mu da muke zaune inda hunturu ke tsattsage leɓe da diddige, ga ƙura ga fanka ga na'urar sanyaya ɗaki, wannan tambaya ta fi yi mana nauyi a kan mutumin da ke zaune a bakin teku. Abin mamaki, idon da ke zubar da hawaye ba dalili sau da yawa busasshe ne, zafin bushewar ce ke tsokano ruwan.

Abu mafi haɗari shi ne jini. Kwarmin ido ƙashi ne ta ko'ina sai ta gaba, ba shi da inda zai buɗa. Idan wata 'yar jijiya ta ci gaba da tsiyaya a bayan ƙwayar ido bayan an gama ɗinki, jinin zai taru ya matse jijiyar gani, kuma in matsin ya kai kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ganin kan tafi ba dawowa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya ƙiyasta irin wannan zubar jini da kusan 1 cikin 2,000, makanta ta dindindin kuma kusan 1 cikin 22,000, yawanci kuwa a cikin sa'o'in farko abin ke faruwa. Adadin kaɗan ne, amma a kan lafiyayyen ido ake magana, kuma karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ba ta taɓa samun wurin zama kamar nan ba. Domin haka ake bin diddigin hawan jini, da asfirin, da warfarin, da magungunan ciwon jiki da mutane ke sha kamar gyaɗa, har da ƙwayoyin tafarnuwa da na bitamin E da jiƙe-jiƙen gargajiya. Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan maganin tsinka jini, ba shi zai dakatar da kansa ba, likitocin biyu ne za su yi magana. Domin haka kuma ba a naɗe idanu da bandeji mai kauri bayan aiki, ana so mai shi ya iya cewa ganina ya dushe. Maganin gaggawar ma a hannun gwani ɗan ƙaramin aiki ne: ya tsaga kusurwar ido ta waje da almakashi, ya saki jijiyar da ta ɗaure murfin ƙasa da ƙashi, ido ya sami wurin matsawa gaba, matsin ya sauka. Mintoci kaɗan ne, amma sai wanda ya iya, kuma sai yana kusa.

Aikin kansa, a murfin sama, bai cika wuce awa guda ba, kuma galibi mutum idonsa biyu, allurar kashe zafi kawai aka yi wa wurin, haɗe da maganin da ke tsuke jijiyoyin jini. Aska ta bi layin alƙalami, a ɗauke fatar kamar ɗan ganye, a bi kowace 'yar jijiya mai tsatsafo da jini a ƙone bakinta. In akwai buƙatar taɓa kitse sai a huda labulen. A murfin sama kitsen kashi biyu ne, kuma launinsu ya bambanta: na wajen hanci fari-fari, na tsakiya rawaya. A can gefen waje akwai wani abu mai kama da kitse amma ya fi shi tauri, launinsa na ɗan ja-ja. Wannan ita ce maɓuɓɓugar hawaye, wadda kan zamo daga mazauninta da tsufa. Wanda bai sani ba ya yanke ta a zaton kitse ne, ya bar mutum da busasshen ido; wanda ya sani ya mayar da ita gurbinta ya ɗaure. In kuma an gyara tsokar ɗagawa, sai a tayar da mutum zaune ana tsakiyar aiki, a ce, “Alhaji, buɗe ido ka dubi yatsana,” a gwada tsayin murfin biyu, a kwance zare a sake ɗaurewa har su daidaita. A ƙarshe a ɗinke da zaren da sirantarsa ta kusa ta gashin kai.

Murfin ƙasa ya fi wuya, domin shi kullum yana faɗa ne da nauyinsa. Kafin a taɓa shi, likita yakan ja shi ƙasa da yatsa ya saki, ya ce kada a ƙifta. Lafiyayye yakan koma ya manne da ido nan take. In ya tsaya yana jiran ƙiftawa, ya saki ke nan, kuma in aka rage masa fata ba a ɗaure kusurwarsa ba, tabo zai janye shi ƙasa, farin ido ya bayyana, ko ma murfin ya juye waje jan cikinsa a fili, hawaye na bin kunci. Kitsen nan kashi uku ne, kuma tsakanin na wajen hanci da na tsakiya wata tsoka mai juya ƙwayar ido ta ratsa. A ji mata rauni, mutum ya tashi yana ganin abu biyu. Tun a 1924 wani likita Bafaranshe, Julien Bourguet, ya nuna ana iya kai wa ga wannan kitsen ta cikin murfin, ta jan ɓangaren, ba tare da an tsaga fata ba, kuma har yau wannan hanya ce ake so ga wanda jakar kitse ce kawai damuwarsa.

Sana'ar dai tsohuwa ce. Wajen shekara ta 1000, Ali ibn Isa, likitan ido na Bagadaza, ya bayyana a littafinsa Tazkiratul Kahhalin yadda ake kama fatar da ta yi yawa tsakanin 'yan sanduna biyu a ɗaure tam, ta mutu ta faɗi da kanta cikin kwana 10 ko makamancin haka. Al-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya yi zamani da shi, shi ma ya yi rubutu a kan aikin murfin ido. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin shi ne juyin da aka yi a baya-bayan nan. An daɗe ana ganin kyan aiki shi ne a kwashe kitse tas. Sai da shekaru suka tafi aka ga sakamakon: idanu sun zurma, mutane sun fi da kama da marasa lafiya, domin ashe tsufa ma rage kitsen fuska yake yi. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 aka fara koyon barin kitsen, ko a zamo da shi ƙasa a cike ramin da ke tsakanin ido da kunci. Likitocin sun koyi kame hannu ne daga fuskokin da magabatansu suka ɓata.

A Gabashin Asiya labarin dabam ne. Kusan rabin mutanen can ana haifarsu ba tare da ninki a murfin sama ba, kuma aikin da ya fi yawa shi ne ƙirƙirar ninkin. Wani likitan Japan, Mikamo, ya wallafa hanyar yin haka da zare tun 1896. Bayan yaƙin Koriya, likitan sojan Amurka Ralph Millard ya yi irin aikin a can a tsakiyar shekarun 1950, kuma yadda ya rubuta a kai, kamar gyara fuskar Ba'asiye ta kusanci ta Bature, har yau ana sukarsa. Yanzu unguwar Gangnam a Seoul cike take da asibitocin wannan aiki, har shugaban Koriya ta Kudu Roh Moo-hyun an yi masa aikin murfin ido a 2005 yana kan mulki. Darasin da ƙwararrun can suka fitar ya shafi kowa: ninkin da ya dace da Bature, milimita 8 zuwa 10 daga gashin ido, in aka ɗora shi a fuskar Bakoriye sai ya zama baƙo, don haka sukan yi nasu ƙasa da haka. Ma'aunin littafi ɗaya ba ya yi wa kowace fuska.

Mu baƙar fata namu lissafin a tabo yake. An yi sa'a fatar ido ba ta cika yin tabo mai tudu irin na kunne da ƙirji ba, amma layin yakan yi duhu na watanni, kuma in aska ta zarce ta shiga fata mai kauri ta gefen hanci ko ta wajen kunne, nan tabon kan fito. Lezar da ake goge fata da ita, wadda ke yi wa Turawa kyau, tana iya barin mu da dabbare-dabbare. Duhun ƙasan ido in na launin fata ne, tiyata ba ta kawar da shi. Ga kuma abin da mata da yawa ba sa son faɗa wa likita, wato man bilicin. Mai ɗauke da sinadarin sitiroyid yana sirantar da fata ya hana rauni warkewa da wuri. Ɓoye wannan daidai yake da ɓoye ciwon suga ko shan taba, waɗanda su ma jinkirta warkewa suke yi.

Ba zan wuce ba sai na ambaci wasu gwanayen da ba a buga hotonsu a mujallun kwalliya. A ƙauyukan arewacin Najeriya da Nijar, aikin murfin ido da aka fi sani shi ne na amosanin ido, ciwon da ke maimaita kansa tun yarinta har cikin murfin ya yi tabo ya nannaɗe, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar ido da kowace ƙiftawa. Ya fi kama mata, shi ya sa za ka ga tsohuwa da matsefata a ƙulle a bakin zane tana cire gashin ɗaya-ɗaya. Ma'aikatan jinya da aka horar su ke yin tiyatar, sau da yawa a ɗakin shan magani na ƙauye: a tsaga faifan murfin kimanin milimita 3 daga bakinsa, a sa zare a juyo bakin waje. A juya kaɗan, gashin ya koma ciki. A zarce, murfin ya ƙi rufuwa. Lissafin milimita ɗin nan dai shi ne, sai dai wannan makanta yake tarewa. Ghana ta kai ga kawar da ciwon a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018, kuma irin waɗannan hannayen suna cikin waɗanda suka kai ta.

Bambancin nan tsakanin aikin ceton gani da na kwalliya ya kawo tambayar dalili, wadda Musulmi da yawa za su fara da ita. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta bambanta tiyatar da ke dawo da aikin gaɓa ko kawar da nakasa, wadda ta halatta, da wadda ake yi domin sauya lafiyayyar halitta don son rai kawai, wadda ta hana. Likitoci ma suna da hanyar auna wannan iyaka: a gwada faɗin ganin mutum yadda yake, a ɗage murfin da filasta a sake gwadawa. In bambancin ya fito, fatar tana tare gani ne da gaske. Ta ɓangaren zuciya kuma, gwani yakan saurari yadda mutum ke magana. Wanda ya zo da hoton wata tauraruwa, ko yake nuna aibin da ba wanda ke gani sai shi, ko yake fatan aikin ya dawo masa da miji ko mata, babu ɗinkin da zai gamsar da shi. A ganina likitan da ya iya cewa “ban ga abin da zan cire ba, ranki ya daɗe,” alhali kuɗin na kan tebur, ya fi wanda ya iya ɗinki marar tabo.

Mai neman likita ya tambayi horonsa kai tsaye: likitan ido ne da ya ƙware a tiyatar murfi da kwarmi, ko likitan tiyatar gyaran jiki mai cikakkiyar shaida? A Najeriya ana iya bincika rajistarsa a hukumar rajistar likitoci, MDCN. Ya nemi ganin hotunan aikinsa a kan masu irin fatarsa, na bayan watanni, ba na bayan mako guda da aka ɗauka da kwalliya da hasken da ya bambanta da na farko ba. Ya bari a ɗauki hotonsa kafin aiki, domin kusan kowa idanunsa biyu ba daidai suke ba tun asali, amma ba a lura sai bayan tiyata, lokacin da mutum ya tare a gaban madubi. Masu tafiya Turkiyya ko Indiya ko Masar su yi aikin su hau jirgi bayan 'yan kwanaki, su tambayi kansu wa zai cire zaren, kuma wa zai duba murfin in ya fara janyewa a mako na uku.

Bayan aiki, kwana biyun farko na ƙanƙara ne a naɗe a tsumma mai tsabta, da barci kai a ɗage kan matasai. Ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba sunkuyawa, don haka mai salla ya tambayi likita kwana nawa zai yi yana yi a zaune da nuni kafin ya koma sujada. Kwalli da gazal da gilashin da ake mannawa a ido duk sai an ba da izini. Zare yakan fita a kwana 5 zuwa 7, kwanciyar jini ta washe cikin mako biyu, amma kumburin ƙarshe da jan tabo sai an yi watanni. Ciwo mai tsanani a ido ɗaya, ko ido ya turo ya yi tauri, ko gani ya ragu, wannan ba a jira gari ya waye.

Ko an ga ɗan bambanci tsakanin idanun, ƙwararru ba su cika yarda su sake taɓawa ba kafin wata 6, saboda yawancin abin da ke tayar da hankali a watan farko kumburi ne, yakan tafi da kansa. Kitsen da aka cire a ƙasan ido da wuya ya dawo. Murfin sama kuwa yakan yi shekaru da kyansa, amma gira ba ta daina saukowa, kuma wanda ya koma bayan shekara 10 ko 15 yana cewa fatar ta dawo, sau da yawa goshin ne ya biyo ta. A karo na biyu likita zai sake auna tazarar nan ta tsakanin gira da gashin ido, kuma ba mamaki ya tarar babu rarar da zai cire, sai dai a koma maganar ɗage girar.